Me ya sa jarrabawar shiga karatun likita a Birtaniya ba ta tambayar Bayoloji?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. 'Yata tana karatun A-level (matakin ƙarshe na sakandare a tsarin Birtaniya), burinta ta karanci likitanci a Birtaniya. An ce dole sai ta rubuta wata jarrabawa mai suna UCAT. Ta gwada ta gwaji a intanet, makin ya zo ƙasa sosai, alhali ita ce ta ɗaya a ajinsu a Bayoloji da Kemistiri. Na duba tambayoyin da kaina, babu ko ɗaya a kan jikin ɗan Adam, sai wasa ƙwaƙwalwa da lissafin kuɗin tikiti. Mene ne haɗin wannan da aikin likita? Ko dai dabara ce ta tankaɗe 'ya'yan baƙi? Kuma ana iya shirya mata, ko baiwa ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya cika mata burinta. Ka kwantar da hankalinka a kan makin farko. Ɗalibi mai ƙoƙari a aji ya faɗi gwajin farko na wannan jarrabawa abu ne da aka saba gani, domin abin da take aunawa daban ne da abin da makaranta ta horar da shi a kai shekara da shekaru.

Bari mu fara da dalilin da ya sa aka kafa ta. Masu neman gurbin likitanci a Birtaniya sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma kusan kowane mai nema yana zuwa da sakamakon A-level mai daraja ta ƙoli. Jami'a ta ce tana son A uku, sai dubban yara su zo da A uku. To wa za a ɗauka? Ilimin kimiyya an riga an auna shi a A-level, sake tambayarsa ba zai bambanta su ba. Shi ya sa a 2006 wasu jami'o'i suka haɗu suka kafa jarrabawar da a lokacin ake kira UKCAT, aka mayar da sunan UCAT a 2019. Akwai kuma wata tsohuwa mai suna BMAT, wadda Oxford da Cambridge da Imperial da UCL suka daɗe suna amfani da ita. Ita tana da sashen kimiyya da na rubutun insha'i, amma sashenta na farko kacokan warware matsala ne da tantance hujja, tambayoyi 32 cikin awa ɗaya. An yi zamanta na ƙarshe a 2023, jami'o'in suka koma UCAT. Na kawo wannan ne saboda har yanzu littattafan BMAT suna yawo a hannun ɗalibai, kada a sayar maka da ɗaya a ce na shiri ne.

'Ya'yan Turawan Ingila ma ita suke rubutawa, tambayoyi iri ɗaya, lokaci ɗaya, don haka ba tarko ba ne da aka ɗana wa baƙi. Sai dai akwai inda take cutar wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne, kuma zan zo kan wannan.

A tsarin da aka fara a 2025, jarrabawar sassa huɗu ce, ana yin ta a kwamfuta cikin ƙasa da awa biyu. Sashen fahimtar rubutu yana da tambayoyi 44 cikin minti 22. Sashen yanke hukunci, tambayoyi 35 cikin minti 37. Sashen lissafi, 36 cikin minti 26. Kowanne daga cikin waɗannan uku ana ba shi maki daga 300 zuwa 900, jimilla daga 900 zuwa 2700. Na huɗu shi ne na sanin ya kamata a bakin aiki, tambayoyi 69 cikin minti 26, shi ba maki ake ba shi ba, rukuni ne daga 1 zuwa 4, na 1 shi ne mafi kyau. Da can akwai sashe na biyar na gano tsari a cikin zane-zane, aka cire shi saboda masu jarrabawar sun ga horo yana saurin ɗaga makinsa, kuma bai kai sauran hasashen ƙoƙarin ɗalibi a gaba ba. Duk littafin da ka ga yana maganar jimillar 3600, tsohon yayi ne.

Yanzu ga babbar tambayarka, haɗin wannan da aikin likita. Gara in nuna maka da misalai da na ƙirƙira a kan salon tambayoyin.

A ce an ba ɗaliba wannan bayani: "An haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye. Shekarar da ta biyo baya, yawan yaran da aka kai asibitin ƙauyen da gudawa ya ragu da rabi." Sai a kawo jimloli, a ce ta zaɓi ɗaya cikin uku: gaskiya ne, ƙarya ne, ko ba za a iya sani ba daga wannan bayani. Jimla ta farko: "Ruwan rijiyar ne ya rage gudawa a ƙauyen." Yawancin ɗalibai masu ƙoƙari za su ce gaskiya ne, kuma sun faɗi. Bayanin bai ce haka ba. Ya ce an haƙa rijiya, ya ce bayan nan adadi ya ragu, bai ce wannan ne ya jawo wancan ba. Wataƙila a shekarar ne aka yi rigakafi. Wataƙila damina ta yi sauƙi. Jimla ta biyu: "Gudawa ta ragu a tsakanin yaran ƙauyen." Nan ma ba za a iya sani ba, domin abin da ya ragu shi ne yawan waɗanda aka kai asibiti. Idan gada ta karye, ko aka ƙara kuɗin kati, ko nas ɗin da mata suka saba da ita ta bar garin, za a daina kai yara alhali ciwon yana nan.

Ka lura da abin da ya kayar da ɗalibar a nan: iliminta ne. Ta san ruwa mai tsabta yana rage gudawa, kuma wannan gaskiya ne a rayuwa. Sai ta ɗauko abin da ta sani ta cika giɓin da ke cikin bayanin da shi, ba tare da ta ji ta yi hakan ba. Ina kyautata zaton nan ne 'yarka take zubar da maki. Kuma wannan yana cikin kurakuran da ke kashe majinyata a hannun likita mai ilimi. Mara lafiya ya shigo da zazzaɓi a watan Agusta, likita ya ga masu maleriya tun safe, kafin mutumin ya gama zama ya riga ya yanke cewa maleriya ce. Daga nan duk abin da majinyacin ya faɗa, sai kunnen likita ya tace, ya ɗauki wanda ya dace da maleriya ya watsar da saura. Wuyan da ya sanƙare bai samu wanda ya taɓa shi ba. Likitan ya san alamomin sanƙarau sarai, ya ci su a jarrabawa, matsalarsa ita ce bai raba abin da ya gani da abin da ya zata ba.

Sashen yanke hukunci shi ya fi kusa da abin da malamanmu ke kira mantiƙi. Ga misali: "Duk ma'aikatan ɗakin tiyata suna sa hula. Wasu daga cikin masu sa hula ɗalibai ne." Shin dole ne wasu ma'aikatan ɗakin tiyata su zama ɗalibai? A'a. Ɗaliban da ke sa hula suna iya kasancewa a ɗakin girki suke gaba ɗayansu. Kunne yana jin jimlolin kamar sun haɗu, amma idan ka zana da'ira uku a takarda za ka ga babu abin da ya tilasta su haɗuwa. A irin waɗannan tambayoyi akan kawo natija biyar a ƙarƙashin bayani ɗaya, kowacce a ce e ko a'a, cikakken maki sai an samu duka. Akwai kuma tambayoyin jera mutane da ranaku bisa sharuɗɗa, da na yiwuwar aukuwar abu, da waɗanda za a kawo wata shawara ta hukuma a ce a zaɓi hujjar da ta fi ƙarfi cikin huɗu. A wannan na ƙarshe ba ra'ayin ɗalibi ake nema ba. Ana iya samun hujjar da ta goyi bayan abin da kai kake ƙi, amma ita ce ta tsaya a kan batun, ta dogara da dalili, sauran kuwa motsa zuciya kawai suke yi. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, wanda yaranmu ke fara fiƙihu da littafinsa, yana da waƙe a kan mantiƙi da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan malamai. Makarantun boko ne dai ba su ba abin gurbi sosai a manhaja ba.

Zan daɗe kaɗan a kan tambayoyin yiwuwar aukuwa, saboda a nan ne haɗin da kake nema ya fi fitowa fili. A 1978 wasu masu bincike, Casscells da abokan aikinsa, sun yi wa likitoci da ɗaliban likita 60 a asibitocin koyarwa na Harvard tambaya ɗaya. Akwai cutar da ke kama mutum 1 cikin 1000. Akwai gwajin gano ta, wanda yake yin kuskure ya nuna cutar a jikin kashi 5 cikin 100 na masu lafiya. An ɗauko mutum haka kawai, ba a san komai game da alamominsa ba, aka gwada shi, gwajin ya nuna yana da ita. Mene ne yiwuwar cewa da gaske yana ɗauke da cutar? Kusan rabinsu suka ce kashi 95 cikin 100. Mutum 11 ne kawai suka ba da amsar daidai, wadda ita ce kusan kashi 2 cikin 100.

Lissafin ba shi da wuya. Ka tara mutum 1000. Ɗaya ne mai cutar, mu ce gwajin ya kama shi. Sauran 999 lafiyarsu ƙalau, amma gwajin zai yi wa kusan 50 daga cikinsu ƙarya. To waɗanda takardarsu ta nuna cuta su 51 ne, mai cutar na gaske ɗaya ne tak. Ɗaya cikin 51. Babu Bayoloji a nan, ɗan aji uku na sakandare zai iya lissafin, amma likitocin Harvard sun faɗi, saboda hankali yana kama adadin da ke gabansa ya manta da tambayar farko: cutar nan, yaya yawanta yake a cikin mutane tun asali?

Kai kanka ka san inda wannan yake cinmu. Sau nawa aka ce wa wani naka "maleriya da taifot" bayan gwajin Widal guda ɗaya? Gwajin nan tun 1896 yake. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin jini yake aunawa, kuma a wuraren da taifot ta zama ruwan dare mutane da yawa suna ɗauke da wannan martani daga tsohuwar kamuwa, wasu cututtukan ma, har da maleriya, suna iya sa shi ya tashi. Likitan da bai iya tunanin nan na ɗaya cikin 51 ba zai rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ga duk wanda takardarsa ta nuna, majinyaci ya kashe kuɗi, ainihin ciwon ya ci gaba, ƙwayoyin cuta kuma su koyi bijire wa magani. Jami'ar da ke tace masu nema da tambayoyin yiwuwa tana neman wanda zai tsaya ya tambayi takardar awo kafin ya gaskata ta.

Sashen lissafi, wanda ka ga kuɗin tikiti a ciki, bai wuce kaso cikin ɗari, rabo, sauya ma'auni, da karanta jadawali ba. Wahalarsa a gano wane lissafi za a yi, a cikin tarin bayanan da rabinsu ba a buƙata, cikin daƙiƙa arba'in da 'yan kai. Su tikiti da canjin kuɗi suke sawa don kada wanda ya karanta kimiyya ya fi wani, amma ka sauya tufafin tambayar ka gani. Yaro mai nauyin kilo 16, ana ba da wani magani miligiram 15 a kowane kilo a kowane sha, ruwan maganin yana da miligiram 120 a cikin mililita 5, za a sha sau huɗu a rana har kwana uku, kwalba tana ɗaukar mililita 50. Kwalba nawa uwa za ta saya? Kowane sha miligiram 240, wato mililita 10. Sha goma sha biyu, mililita 120. Raba da 50 ya ba da 2.4, amsa kuwa 3 ce, tunda kemis ba ya sayar da guntun kwalba. Mataki huɗu ne, kowanne mai sauƙi, kuma kuskure a ɗaya daga ciki a ɗakin yara yana nufin an ninka wa jariri magani.

Sashe na huɗu na sanin ya kamata shi ne nake so ka zauna da ita ku tattauna, domin a nan tarbiyyar gida da abin da masu jarrabawar ke so suna iya saɓawa. Akan kawo labari, a ce ɗalibar likita ta lura babban likita ya rubuta adadin maganin da take ganin ya yi yawa. Sai a jera matakai, ta faɗi wanne ya dace, wanne bai dace ba. Yarinyar da ta tashi a gidan mutunci za ta ga yin shiru shi ne ladabi, wa ya aike ta gyara wa na gaba? A ma'aunin hukumar kula da likitocin Birtaniya, GMC, yin shiru kuskure ne babba, lafiyar majinyaci tana gaba da girman kowa. Abin da ake so shi ne ta same shi a keɓe, cikin ladabi, nan take kafin a ba da maganin, ta tambaya. Tona masa asiri a gaban majinyaci ma kuskure ne. Haka batun sirri. Miji ya zo yana tambayar sakamakon awon matarsa, a wurinmu da yawa ba za su ga laifin faɗa masa ba, a can kuwa ba a faɗa sai da izininta. Ɗalibi ya sa wa abokinsa hannu a takardar halartar aji, mu mukan ɗauke shi taimakon zumunci, su rashin gaskiya ne da zai iya taɓa lasisin mutum. GMC tana da jagorar ɗabi'un aikin likita da ta ɗalibai, kyauta a intanet, ta karanta su. Wasu jami'o'in ba sa duba takardar wanda ya faɗa rukuni na 4, komai yawan makinsa a sauran sassan.

To, shin jarrabawar ta yi adalci? Ra'ayina, rabi da rabi. Ka raba minti 22 da tambayoyi 44, daƙiƙa 30 ke nan kowace tambaya, har da karanta dogon nassi. Wannan ya auna tunani, amma ya auna saurin karatun Turanci fiye da yadda ya kamata. Yarinyar da ta tashi tana magana da Hausa a gida, tana karanta Turanci a littafin aji kawai, tana iya fin ɗan Landan kaifin hankali amma agogo ya cinye ta. Kuma a aikin asibiti ba kasafai ake buƙatar mutum ya haɗiye shafi cikin minti ɗaya ba. Likitan kirki sau da yawa shi ne mai jinkirin yanke hukunci. Sannan binciken da aka yi bai nuna jarrabawar a matsayin ma'aunin da ba ya kuskure ba. Wani babban nazari da McManus da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, a kan ɗaliban makarantun likita 12 na Birtaniya, ya nuna sakamakon sakandare ya fi makin UKCAT hasashen yadda ɗalibi zai yi a shekarar farko, jarrabawar tana ƙara wani abu a kai amma kaɗan ne. Saboda haka ƙarancin maki a UCAT ba hukunci ba ne a kan ko 'yarka za ta zama likitar kirki. Ƙofa ce dai da aka sa a hanya, kuma dole a bi ta cikinta.

Ba Birtaniya kaɗai ke yin haka ba. A Amurka, inda sai an gama digiri na farko ake shiga likitanci, jarrabawar MCAT tana da sashe guda na tambayoyi 53 cikin minti 90 a kan nassoshin falsafa, tarihi, adabi da zamantakewa, babu kimiyya ko kaɗan. Ostareliya da New Zealand suna da nasu reshen UCAT. Mu a Najeriya JAMB tana tambayar mai son likitanci Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, tambayoyi 180, maki 400, galibinsu abin da ke cikin manhaja. Tsarinmu yana da nasa amfanin, yaron ƙauye mai naci zai iya haddace manhaja ya ci. Illarsa tana fitowa ne a shekarun asibiti, lokacin da ɗalibi zai iya jero dalilai goma na kumburin ƙafa amma ya kasa faɗin wanne ne ke damun matar da ke kwance a gabansa. Wannan mun sha gani a zagayen duba marasa lafiya.

Batun shiri kuwa, ana shirya mata, kuma maki yana tashi. Hadda ce dai ba ta aiki. Abu na farko, ta fara da kayan gwaji na hukumar UCAT kanta, suna nan kyauta a shafinsu, kuma su suka fi kama da ainihin jarrabawar. Kafin ka biya wani kamfani ko mai lesin kuɗi masu yawa, ta gama waɗannan tukuna. A makonnin farko ta ajiye agogo gefe, ta yi tambayoyin a tsanake har ta gane dalilin kowace amsa. Mafi amfani a duk shirin shi ne ta riƙe littafi tana rubuta kowace tambayar da ta faɗi da dalilin faɗuwar: na kawo abin da na sani daga waje, ban lura da "wasu" da "duka" ba, na karanta layin jadawalin da ba shi ba, lokaci ya ƙure. Bayan mako biyu za ta ga kurakuran nata iri uku ne ko huɗu suke ta maimaituwa. Wanda ya yi tambaya dubu bai duba dalilin faɗuwarsa ba, kuskurensa kawai yake ƙara gogewa a kai.

Ƙananan kalmomin Turanci masu nuna iyaka su ne wurin da ake ɗana tarko: duka, wasu, galibi, kawai, wataƙila, dole, sai dai idan. Nassi ya ce abu yana iya faruwa, jimlar tambaya ta ce yana faruwa. Nassi ya ce yawanci, jimla ta ce ko da yaushe. Ta saba da farautar su. Don sauri kuma, babu maganin da ya wuce karanta dogon rubutun Turanci kullum, irin sharhin manyan jaridu a kan tattalin arziki, tarihi, shari'a, abubuwan da ba ta sha'awa ma, domin nassoshin jarrabawar ba sa tambayar abin da mutum ke so. Bayan kowane sharhi ta rufe ta faɗi abu uku: me marubucin yake so in yarda da shi, da wane dalili, kuma me ya ɗauka tabbas ne bai faɗa ba. Wannan ya kamata a fara shi watanni kafin jarrabawa, shi ba ya samuwa a mako shida.

Sai dabarun ɗakin jarrabawa. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka kada ta bar ko ɗaya babu amsa. Tambaya mai wuya ba ta fi mai sauƙi irinta maki ba, idan ɗaya ta tsaya mata a wuya ta zaɓi amsa, ta sa mata alama, ta wuce, in lokaci ya rage ta dawo. Ɗalibai masu ƙoƙari su suka fi faɗawa wannan rami, sun saba ba sa barin tambaya sai sun ga bayanta, sai su kashe minti uku a kan ɗaya su rasa shida masu sauƙi a ƙarshe. Akwai ƙaramar kalkuleta a fuskar kwamfutar, amma tana cin lokaci, gara ta goge lissafin ka: kaso goma, kwata, sulusi, jadawalin sau. Kuma ta yi gwaji a kwamfutar tebur mai allon rubutu da linzami, kada ta saba da waya. Makonni na ƙarshe ta riƙa yin cikakkiyar jarrabawa a zama ɗaya, da agogo, ƙofa a rufe.

Kai ma Alhaji kana da rawar takawa, kuma ba ta kuɗi ba ce. Idan wani saƙo ya shigo WhatsApp cewa ganye kaza yana warkar da ciwon suga saboda wani ya sha ya warke, miƙa mata wayar ka ce ta faɗa maka abin da ya rage kafin a yarda. Mutum nawa suka sha ba su warke ba? An auna shi kafin ya sha? Yana shan maganin asibiti a lokacin? In ta kawo hujjar da ta fi taka, ka nuna mata ka karɓa. Yaran da ba a taɓa bari sun ce "ta ina aka sani?" a gida ba, da wuya su iya faɗin haka ga nassin jarrabawa, balle ga babban likita.

Abu na ƙarshe shi ne lissafin neman gurbin kansa. Ana rubuta UCAT tsakanin Yuli da Satumba a cibiyoyin kamfanin jarrabawa na Pearson VUE, sau ɗaya kawai a shekara, kuma makin na neman wannan shekarar ne kaɗai. Ana ba ɗalibi sakamakonsa a ranar, wato kafin wa'adin 15 ga Oktoba na miƙa takardun likitanci ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'o'in Birtaniya ta hannunta. Wannan dama ce, domin jami'o'i huɗu kawai ake iya zaɓa don likitanci, kuma ba ɗaya suke amfani da makin ba. Irin su Bristol da Newcastle an san su da jingina sosai a kan makin UCAT wajen kiran ganawa, wasu kuma suna haɗa shi da sakamakon makaranta. Kada ta zaɓi jami'a sai makin yana hannu, sannan ta karanta ƙa'idar kowacce ta wannan shekarar, domin suna sauyawa. Ka kuma sani guraben ɗaliban waje a likitanci ƙayyadaddu ne, an daɗe ana tsayar da su a kusan kashi 7.5 cikin 100 a Ingila, don haka makin da zai kai ɗan ƙasa ganawa ba lallai ya kai 'yarka ba. Ina ba da shawarar ta yi rajistar JAMB a shekarar, ta nemi Bayero ko ABU ko wata tsangayar likitanci ta gida a lokaci guda, kada shekara ta tafi a kan ƙofa ɗaya.